Inabin Yaya a Hannun Mai Aski

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da Inna. Mu ma nan sai godiya. 'Yarka, wato 'yar tawa mai jego, ta fara samun ƙarfi, har tana iya tashi zaune ta ci abinci da kanta. Jaririn kuwa yana cikin kwalba a asibiti, ka san bakwaini ne, likita ya ce kada ma in sa ran komawa gida nan kusa. Ka ga ke nan zamana a garin nan zai yi tsawo fiye da yadda na ɗauka.

Na san za ka ce me ya kawo takarda ga waya a hannu. Halinka ne ya kawo ta. In na kira ka sai ka yi ta "to, Yaya, to, Yaya," ina jin injin aski yana kuka a kan wani bawan Allah, kafin ka mayar da wayar aljihu maganar ta bi iska. Na tsufa ina koyar da yara, na san ɗalibin da ya fi kowa gyaɗa kai shi ne wanda bai ji komai ba. Shi ya sa na rubuta na ba direban motar safe, don in ka manta ka buɗe ka sake karantawa.

Maganar inabina ce. Ban manta alkawarin da muka yi a gaban Inna ba, kai ma na san ba ka manta ba, tunda kullum in za ka fita sai ka auna wurin da ido. Mun ce in inabin bai yi 'ya'ya bana ba, a sare shi, a fasa katangar, ka gina shagonka a wurin ka huta da haya. In kuma ya yi, ka haƙura ka nemi wani wurin. Ba laifina ba ne da ya kasance kusurwar da rana take wuni a gidanmu ita ce kaɗai take kallon titi.

A wurinka ganye ne da ya tare maka hanyar abinci. A wurina kuwa shi ne abin da ya rage min na baban yaran nan. 'Yar ƙaramar sandar inabi ya zo da ita daga tafiyarsa ta ƙarshe, ya soka a gwangwanin fenti, bai kai ga ganin tohonta ba Allah ya karɓi abinsa. Da na dawo gidanmu, a cinyata na riƙe gwangwanin nan a mota, ban yarda an sa shi cikin kaya ba. Shekara huɗu ke nan ina fama, kuma jikina yana ba ni bana ne zai haihu.

Na riga na yi masa yankan shekara kafin in taho, abin da ya rage kaɗan ne. Ruwa a gindi za ka zuba, ba a kan ganye ba, shi ma sai ka soka yatsa ka ji ƙasar ta bushe. Kada ka ƙara taki, wanda na sa ya isa. In sabon reshe ya miƙo, ka ɗaure shi a jikin rumfar da tsumma, sako-sako, ba ɗaurin buhu ba. Ka gaya wa matarka, cikin lumana, ruwan wanki ba na inabi ba ne. Akuyar nan mai baƙin wuya da take leƙowa ta ƙofa kuma, in ta ci min ganye ɗaya, kai zan kama. Ka dai tsare min shi tsaf, kada in dawo in tarar da shi a yamutse.

Da zan taho wata ta ce min na ba kura ajiyar nama. Na ce mata ƙanena ba kura ba ne, mantuwa ce kawai ta yi masa yawa. Kada ka ba ni kunya.

Ka gaishe min da Inna, ka tuna mata maganin gwiwarta. Allah ya bar zumunci.

Yayarka.

*

Zuwa ga Yayata, Malama mai jan biro,

Wa alaikumus salam. Gaisuwa da fatan alheri, da fatan mai jego da ɗan kwalba suna ƙara samun sauƙi. Inna lafiya lau, ta ce in gaya miki ba ta fara mantuwa ba balle a aiko mata da tuni. Matata tana gaishe ki.

Takardarki ta iso. Direban ya ƙi tafiya sai da ya ga na buɗe na karanta, wai haka kika umarce shi. Haba Yaya, a gaban mutanen da nake wa aski! Wani har yana tambayata ko sammaci ne daga kotu.

Maganar kura da nama ta sosa min rai, ba zan ɓoye miki ba. Shago ina so, wannan gaskiya ne, haya ta ishe ni. Amma ba ta hanyar cin amana ba. Saboda haka na ɗaura aniyar kula da inabin nan irin kulawar da ke kanki ba ki taɓa yi masa ba, don gobe kada wani ya samu abin faɗa.

Kullum kafin in fita sai na tsuguna na soka yatsa a ƙasa, har yaran unguwa suna cewa na ɓatar da zobe. Akuya na yi maganinta, na samo tsohuwar ragar waya na kewaye gindin, ta zo ta tsaya ta kalle ni ta kalli ragar ta juya. Maganar ruwan wanki ma na isar, sai dai ban san yadda ake faɗarta cikin lumana ba, don ranar sai da na ɗumama abincina da kaina.

Yanzu ga babban albishir. Bayan tafiyarki inabin ya yi wani irin tashi, toho ta ko'ina, wannan ya yi gabas wancan ya yi yamma, kamar kan yaron da ya daɗe yana gudun aski. Ke ma kin san idona ba ya iya kallon abu haka. Na tuna kin ce a tsare shi tsaf. Ranar hutuna na ɗauko almakashina mai kyau, wanda ba na bari kowa ya taɓa, na hau kujera na daidaita shi. Gefe da gefe na bi, na fitar masa da layi a bakin rumfa, na kwantar da saman. Duk sati ina bi ina share abin da ya sake leƙowa. Wallahi masu wucewa har tsayawa suke yi suna leƙe, wani ma ya ce ko a gidan masu kuɗi bai ga irinsa ba.

Akwai kuma wata cuta da Allah ya sa na kama da wuri. Wasu 'yan ƙulle-ƙulle ne kore, ƙanana kamar ƙwan ƙwari, suka fito cunkus-cunkus a jikin sababbin rassan, daura da ganye. Na ce wato ku ne za ku ja min zagi wurin Yaya. Ɗaya bayan ɗaya na bi su na tsinke, ko guda ban bari ba, na tara a leda na kai bayan gida na ƙona. Wuni na yi kaina a sama, sai da wuyana ya ƙage matata ta shafa min man zafi.

Ba sai kin gode min ba, yi wa kai ne. Ki dai kwantar da hankalinki ki kula da masu jiki.

Ƙanenki mai riƙon amana,
Auta.

*

Auta,

Salamu alaikum. Na gaishe ka ne don an ce a yi gaisuwa.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Abin da ka tsinke ka ƙona furen inabin ne. Furensa ke nan, Auta! Inabi ba ya yin fure ja ko fari irin na kwalliya. 'Yan ƙulle-ƙullen nan su ne za su buɗe su zama 'ya'ya. Shekara huɗu ina ɗaga ganye ɗaya bayan ɗaya ina nemansu, har idona ya ƙara lalacewa, suka tashi zuwa ba na nan, suka faɗa hannun mai aski. A tsaye na karanta takardarka a barandar asibiti, sai da wata nas ta kawo min kujera, ta ɗauka rasuwa aka yi min. Ban ce mata a'a ba.

Wa ya ce ka yi masa aski? Inabi kan mutum ne? A jikin sabon reshe yake haihuwa, duk reshen da ka ga ya yi gabas ya yi yamma, rana yake nema wa 'ya'yansa. Kai kuma ka hau kujera ka fitar masa da layi! Layin me? Ɗaurin aure za shi? Kuma ba sau ɗaya ba, duk sati, don kada ma wani fure ya yi kuskuren tsira. Ga waya a aljihunka, wadda kake wuni kana kallon ƙwallo a cikinta, ba za ka iya ɗaukar hoto ka turo ka ce Yaya mene ne wannan ba?

Na yi ta juya maganar nan a raina, kuma zan faɗa maka abin da na gani ko da zai yi maka ɗaci. Mutum ɗaya ne a duniya zai amfana in inabin nan bai haihu ba, kuma shi ne ya hau kujera da almakashi. Ruwa ba ya tsami banza. In wurin kake so, da ka ɗauki gatari da rana tsaka ka sare a gaban kowa, ya fi min sauƙi. Amma ka yanka ni kana murmushi, har da ba sai na gode ba. Wadda ta yi min maganar kura, ashe ta fi ni sanin ƙanena.

Raina ya ɓaci, ɓacin da ban yi irinsa ba tun rasuwar baban yaran nan. Kada ka ƙara taɓa shi. Ko ganye ne ya faɗo ƙasa, ka tsallake shi ka wuce.

Ka gaishe da Inna.

Yayarka.

*

Zuwa ga Malama,

Bayan gaisuwa, na karɓi takardarki, na kuma gane matsayina.

Ban san furen inabi ba. Ban taɓa ganinsa ba, tunda naki bai taɓa yi ba balle in gani. A takardarki mai shafi biyu kin rubuta ruwa, kin rubuta taki, kin rubuta tsumma, har launin wuyan akuya kin rubuta. Fure kuwa ko kalma ɗaya babu. Na sake karantawa don in tabbatar, har matata na ba ta duba.

Jahilci na yarda da shi, na yi, kuma abin ya dame ni fiye da yadda kike zato. Amma cin amana, ban ce Allah ya isa ba don ke yayata ce, kin goya ni. Shekara nawa manyan mutane suna miƙa min wuyansu ina riƙe da reza, ba wanda ya taɓa cewa na cuce shi, sai a gidanmu.

Daga yau na cire hannuna daga inabinki. Ki nemi wanda kika yarda da shi.

Allah ya ba masu jiki lafiya.

Mai aski.

*

Zuwa ga Malama, daga uwarki.

Matar Auta ce ke riƙe da biro, na ce ta rubuta yadda na faɗa, kada ta sa min zuma a magana.

Ina gaishe ki, ina gaishe da mai jego. Yaya sabon maigidana? Ki gaya masa ya yi maza ya fito daga kwalbar nan, ba na son miji rago.

To, na gode muku. 'Ya'ya biyu Allah ya bar min, ga su nan da furfura suna faɗa a kan ganye ta hannun direba. Yanzu direban nan ya fi ni sanin abin da ke cikin gidana. Jiya ya leƙo yana tambayata ko an shirya, kamar da shi aka raba gado.

An karanta min takardunku duka. Ke kika ce a tsare tsaf. Kin damƙa wa mai aski abu mai tsiro kin ce masa tsaf, me kike jira ya yi? Yaron da tun yana ƙarami ya daidaita min bakin tsintsiya da almakashi har ta koma burushi, ke kika kama shi kika kawo min, yau kuma kin manta. Shi ma na wanke shi tas, kada ki ɗauka na goya masa baya. Na ce wanda bai sani ba tambaya yake yi, garin gyaran gira ya tsone ido. Amma ki ce da gangan ya yi, wannan ban yarda ba. Da cutarki yake so, ai ɗan kananzir a gindin itacen ya isa, ba sai ya yi kwanaki yana juya wuya kamar ƙadangare ba.

Ga abin da bai gaya miki ba, saboda girman kai irin na ubanku. An rushe layin shagunansu, wai za a faɗaɗa titi. Kujerarsa da madubinsa suna nan jingine a ɗakina, kullum na tashi da safe sai in ga wata tsohuwa tana hararata. Yanzu jaka yake ratayawa yana bin gidaje da bakin kasuwa, wani ya kira shi, wani ya ce sai gobe. Wata rana ya dawo ko kai ɗaya bai taɓa ba. Matarsa kuma ga ta nan a gabana, cikinta ya fito. (Yaya, ni ban ce a rubuta wannan ba, Inna ce ta matsa.)

Ya ce miki ya cire hannunsa, ko? Ƙarya yake. Ina kallonsa ta taga da sassafe, ya tsuguna ya soka yatsa a ƙasa yana waige-waige kamar ɓarawo, ya zuba ruwa ya wuce. Almakashi dai bai ƙara kai shi wurin ba. Inabin ya koma gidan jiya, ya yamutse son ransa, ganye kamar me, ɗa ko ɗaya babu.

Alkawari kuwa yana nan. Ba ni na ƙulla ba, ku kuka ƙulla, ni shaida ce. Na san abin da itacen nan yake a wurinki, ni ma na binne miji, har yau ban bari an taɓa butarsa ba. Amma buta ba ta tare wa kowa hanyar abinci ba. Ki yi tunani, sannan ki rubuto wa ƙanenki magana irin ta babba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Allah ya yi muku albarka, ya kuma ba ku hankali, don har yanzu da sauranku.

Inna.

*

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da matarka da jiki, Allah ya raba lafiya. An fito da jaririn daga kwalba, mun dawo gida da shi. Ɗan mitsitsi ne amma muryarsa ta fi ta mai tallan gawayi. Uwarsa ba ta iya ɗaukarsa da daɗewa tukuna, saboda haka ina nan.

Me ya sa ba ka gaya min an rushe shago ba? Sai a bakin Inna zan ji? Kana da hannun rubuta min labarin akuya, ba ka da na rubuta cewa abincinka ya tsaya? Wannan hali naka shi yake kashe ni. Abin da ya kamata ka faɗa ka yi shiru, abin da ya kamata ka bari ka sa masa almakashi.

Maganar da na yi ta cin amana na janye ta. Zafin rai ne, ka yafe min. Fure ma gaskiyarka, ban rubuta ba, na ɗauka duk mai ido ya san shi. Amma kada ka ɗauka na huce. In na tuna ledar nan da ka ƙona, har yanzu abinci fita yake daga raina.

Alkawari kaya ne. Lokacin fure ya wuce, inabi bai haihu ba, ko ta wane dalili. Wuri naka ne. Ba da son raina nake faɗa ba, kuma ba zan yi maka ƙaryar cewa na ji daɗi ba. Ka nemo magini ya zo ya auna. Ka nemo na kirki, ba abokinka na hira ba, don katangar nan ta girme ka, in aka fasa ta da garaje ɗakin Inna zai ji a jikinsa.

Ka daina waige-waige in za ka zuba ruwa, Inna tana ganinka.

Yayarka.

*

Zuwa ga Yaya,

Wa alaikumus salam. Mun yi murna da labarin jariri, Inna har da rawa da gwiwa ɗaya. Komai ya wuce, ni ma ki yafe min.

Yaya, inabin nan naki shi zai yi ajalina.

Na kawo magini kamar yadda kika ce, na kirki, dattijo. Ya auna ƙasa, ya ce yana son tsayin katanga, amma shi ba ya hawa tsani saboda jiri. Ni na hau da bakin igiyar awo a hannu. Da kaina ya wuce saman katangar sai na leƙa gidan maƙwabcinmu mai kantin magani, ta bayan ɗakin ajiyarsa, lungun nan da yake jibge tsofaffin kwalaye ba mai shiga. Ashe wani reshe ya silale ta tsakanin katanga da kwanon rufi, ya tsallaka ya sauka can. Kujerar da nake hawa ba ta kai ni wurin, shi ya sa ya tsere wa almakashina. A jikinsa nonon inabi uku ne suke reto, cunkus da 'ya'ya, har sun fara baƙi.

Na daɗe a kan tsanin nan ban motsa ba. Magini yana ƙasa yana cewa, "Kai lafiya? Ko maciji ka gani?" Na ce masa, "Baba, da maciji ne da ya fi min sauƙi."

Ba wanda ya gani sai ni. Maƙwabcin ma bai san da su ba. Almakashi yana aljihuna, kin san ba na rabuwa da shi. Ba zan yi miki ƙarya ba, hannuna ya shiga aljihun. Ƙyas uku, a jefa cikin kwalaye, shi ke nan, ke da kanki kin riga kin ce wuri nawa ne. Sai na tuna wata mata da ta riƙe gwangwani a cinya tun daga wani gari. Na sauko na ce wa magini ya naɗe igiyarsa.

Da ya ji dalili ya riƙe baki. Ya ce, "Yaro, itacen da ya haihu a gidan wani ai ba a gidanku ya haihu ba." Matata ma haka ta ce, tana kuka, ta ce alkawarin gidan nan aka yi, ba na gidan mai kantin magani ba, kuma ita ba ta san da me za mu tari abin da ke tafe ba. Ban ga laifinta ba. Muka je wurin Inna, ta ce ita shaida ce ba alƙali ba, ta juya mana baya ta ci gaba da jan carbinta.

To ni dai ga abin da na gani. Saiwar a gidanmu take, ruwan da na zuba shi ya sha. Cewa muka yi in ya yi 'ya'ya bana, ba mu ce ta wane gefe ba. Ya yi. Kin ci.

Sabuwar wahala kuma ta buɗe. Tsuntsaye sun gano wurin, sai da na je na roƙi maƙwabci ya bar ni na shiga lungun na lulluɓe su da tsohon gidan sauro. Mutumin da bai san da su ba sai jiya, yau yana cewa nono ɗaya nasa ne, ladan masauki. Kullum sai na yi sallama a gidan mutane safe da yamma don in duba inabin da ya hana ni shago.

Na tsinko wanda ya fi baƙi na sa a kwalin injin aski, na kewaye shi da auduga, ga shi nan wurin direba. Na gaya masa in ya taɓa ko ƙwaya ɗaya, ranar da ya zauna a gabana sai na aske masa gira.

Kada ki yaba min, haushi nake ji. Haushin inabin, haushinki, da haushin kaina da ban iya yin shiru ba. Jaka dai tana nan, ƙafa ma tana nan, Allah ba zai hana mu abin da za mu ci ba.

Ki shafa min kan jariri. In gashinsa ya yi yawa ki bar min shi sai kun zo.

Ƙanenki,
Auta.

*

Auta,

Assalamu alaikum. Saƙo ya iso, girar direba ta tsira.

Tsami gare shi kamar ya cire haƙori. Bai gama nuna ba ka tsinke, kai dai ba ka iya ganin abu ka ƙyale shi. Duk da haka na cinye, ban ba kowa ba. 'Yarka ta shigo ta tarar ina hawaye, na ce mata tsamin ne.

Ka bar sauran biyun su nuna sosai, ɗaya na Inna da matarka, ɗaya na maƙwabci. Bayan nan ka yanko min sanduna daga rassan da suka ƙosa suka yi launin ƙasa, masu kaurin fensir, kowace da idon toho uku, ka soka su a bayan ɗakin Inna ka riƙa ba su ruwa. Hasken ranar wurin bai kai na bakin titi ba, sai su yi haƙuri. Wannan karon ni na ce ka yanka, ga shi a rubuce.

Sannan ka kira maginin nan ya dawo da igiyarsa. Kada ka rubuto min gardama. Kai ka ce na ci, kuma wanda ya ci shi ke da iko da abinsa. Ɗan da ke tafe ba ganye zai ci ba.

Ranar da za ku sare shi, kada ka kira ni, kada ka rubuto, kada ka bari direba ya sani. In na dawo na ga shago, zan gane.

Ka gaishe da Inna da matarka. Allah ya yi maka albarka.

Yayarka.